Kafin a Taɓa Wayar Innarki

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baffanki Sale da mutanen gidansa, da ƙannenki duka. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, ya kai ki makarantar ungozoma cikin aminci, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Za ki yi mamakin ganin takarda a lokacin da kowa ke magana ta waya. To wayar ce ta jawo. Ranar da muka yi magana ta ƙarshe, kina cikin lissafa min kayan da aka ce ku je da su, sai kika ce, “Baba, yi sauri za ta mutu. Yanzu ba ta ɗaukar caji sai na karkata igiyar na ɗora mata dutsen guga.” Kika yi dariya. Kafin in buɗe baki ta ɗauke. Da na samu Baffanki, ya ce kada in damu, zai shiga da ita Kano a yi musayarta da wata kafin ki tafi. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba direban da ke kai katako Kano, ya yi min alkawarin za ta iso hannunki.

Ba labarin Sapele zan ba ki ba, babu wani labari. Ruwan sama ne, da katako, da ƙarar injin yanka, da gwiwoyi masu ciwo. Maganar wayar nan kawai zan yi. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin kowa ya taɓa ta.

Ke abin da kike gani tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, wadda za ki ji nauyin fito da ita a gaban ’yan makaranta. Ban ga laifinki ba. Amma wayar Innarki ce, Allah ya jiƙanta, kuma ita kaɗai ce wurin da muryarta ta rage. A da akwai wuri na biyu, a hannuna yake. Ni na zubar da shi.

Tare na sayo su a kasuwar Minjibir, iri ɗaya, tawa da tata, lokacin da aka raba gonar kakanki na ga abin da ya faɗo min ba zai ciyar da ku ba. Na ce zan je ci-rani in dawo kafin kaka. Kin dai ga yadda ci-ranin ya zama. Wanda ya sayar min, wani ne ana ce masa Ɗanlami, yana da rumfa kusa da masu takalma. Ya ce, “Malam Idi, a buɗe maka imel?” Ban san mene ne ba, kuma ga mutane a tsaye. Na ce, “Yi duk abin da ake yi mana.” Ya danna nan ya danna can, ya cika min katin memori da wa’azi da karatun Alƙur’ani, ya miƙo min. Ban tambaye shi sunan da ya sa ba, ban tambaye shi lambar sirrin da ya rufe da ita ba. Haka duk mutanen garinmu suke yi, mai shago ya buɗe, kai ka sa a aljihu. Daga baya Ɗanlami ya tashi daga kasuwar, ba wanda ya san inda ya nufa.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ya shafe ki, domin yadda ya yi wa tawa haka ya yi wa ta Innarki. Ko akwai wani ajiya da wayar take yi a can, ba mu da hanyar shiga. Saboda haka ki buɗe naki imel da hannunki, ki zaɓi lambar sirrin da kanki, ki haddace ta kamar yadda kika haddace surorinki. Kuma a makarantar nan, duk abin da ba ki gane ba ki tambaya, ko da za a yi miki dariya. Ni dariyar ’yan kasuwa na gudu, dariyar da ba ta wuce a sha ruwa a ajiye kofi ba.

Innarki ba ta yi boko ba, kin sani, don haka saƙon murya ya zama takardarta. Tana suyar ƙuli-ƙuli take yi, ina jin ƙarar mai a bayanta. “Malam, an yi ruwa jiya har ya shigo zaure. Geron bayan gida ya fara fitar da kai. Ummi ta ƙona min tuwo, ga ta nan tana dariya, ba kunya.” Wani lokacin kuma tsiya ce kawai. “Malam, ka ce za ka dawo kafin kaka. Ina tambaya ne, kakar wace shekara? Don in san ko in sa maka ruwan wanka.” Ina zaune a kan gungumen katako ina dariya ni kaɗai, abokan aiki suna kallona.

Sai tawa ta fara abin da taki take yi yanzu. In na sa caji sai na ɗan murɗa igiyar. Bayan wani lokaci sai na danne. Daga nan na samo roba na ɗaure igiyar a jikinta. Wani Bazazzagi da muke lodi tare ya ce, “Malam Idi, karaya ta yi aka yi mata ɗori? Ka kai ta wurin mai gyara mana, ga su can bakin titi.” Na ce, “Ai tana yi.” Ya ce, “Haka tsohuwata take cewa da haƙorinta, har ya fita a cikin tuwo.” Muka yi dariya. Ban kai ta ba. Kullum sai in ce in an tashi aiki, in an tashi aiki kuma jikina ba ya ɗaukar komai sai tabarma.

Ummi, dutsen gugan nan naki shi ne robata. Duk dannawar da kike yi kina ƙara lanƙwasa ’yan ƙarafan da ke cikin bakin cajin ne, har wata rana su karye. Ki daina daga yau.

Abin da ya kamata in yi, wanda sai daga baya na koya, ba shi da wuya. A fara da abin da ya fi sauƙi. Ki ari igiyar wani wadda kika tabbatar tana aiki, ki gwada. Yawancin lokaci igiyar ce ta karye ta ciki, waje kuwa lafiya lau. In ba ita ba ce, ki canza kan cajar. In ba shi ba ne, ki canza wurin, domin injin mai cajin garinmu ba kullum yake ba da wuta daidai ba, kuma soket ɗinsa sun sha hannu. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a lokaci guda. In kika canza komai tare, ko ta yi ba za ki san mai laifin ba. Igiyoyin nan masu araha da ake yawo da su a tasha kuma ki bar su. Na sayi irinsu har na gaji, kowacce ta yi ’yan kwanaki ta mutu, ni kuma ina zagin wayar.

In duk wannan bai yi ba, ki kashe ta, ki fita haske, ki leƙa cikin bakin cajin. Tawa garin katako ne ya shiga, ya haɗu da gumi da laimar garin nan ya daskare, igiya ba ta kai ƙarshe. Taki na san abin da ke ciki tun kafin ki duba. Innarki a haɓar zani take ɗaure ta, ko ta ajiye ta a gefen turmi. Ƙaiƙayi ne, da garin gyaɗa, da maiƙon hannunta. Tsinken sakace za ki samu, ki fiƙe shi siriri, ki riƙa fito da dattin a hankali, kada ki taɓa ɗan harshen da ke tsakiya. Ba allura ba, Ummi. Ni allura na ara wurin mai ɗinkin takalmi, na zauna na yi ta tono da ƙarfi da haushi, wayar ma a kunne. Da hannuna na ƙarasa abin da garin katako ya fara.

Sai batir. Alherin wayar nan shi ne bayanta yana buɗuwa, ba kamar na yanzu da aka liƙe su ba. Ki cire murfin ki fito da batirin ki ɗora a kan faranti. In ya kwanta daidai, to. In yana juyi, ko kin ga cikinsa ya tasa, ya kumbura ke nan, kada ki mayar da shi. Za ki samu wanda zai ce a huda shi iskar ta fita, ko a shanya a rana. Kada ki yarda. Na ga wanda ya huda nasa a nan, ya kama da wuta a hannunsa, har yau da tabon. Wannan kaɗai ne ban yi ba, ba don wayo ba, don na ga nasa. Kuma in ruwa ya taɓa ta, kada ki sa ta caji sai ta bushe sarai a inuwa.

Yanzu zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba, don ki gane dalilin duk wannan surutu.

A damunar da Innarki ta kwanta, wayata sai ta wuni a mace. In ta samu ɗan caji in kira Baffanki, ya ce, “Jiki da sauƙi, Yaya, zazzaɓin damuna ne, yi aikinka.” Wata rana da hantsi ta ɗan farfaɗo, na ga saƙon murya ya shigo daga Innarki. Na gan shi da idona, mai ɗan tsawo ne. Injin yanka yana ta ƙara, mota tana jiran lodi, mai gida yana tsawa. Na ce bari in an tashi in saurara a natse. Na mayar aljihu. Da aka tashi ta mutu. Na ɗaure, na murɗa, na danne, ko ɗigon haske babu. Na ce gobe na kai ta gyara. Goben na yi lodi. Na san zan iya aron wayar wani in kira gida, amma lambobinku duk suna cikinta, ban haddace ko ɗaya ba. Wannan ma ki ɗauka, ki haddace lambar Baffanki da tawa.

Kun yi ta kirana, na sani. Sai ta hannun wani ɗan Bagwai mai sayar da albasa a nan saƙo ya same ni. Ya zo har wurin aiki ya tsaya yana murza hula. A lokacin an riga an kai ta.

Da jakata a kafaɗa na biya wurin mai gyara, wani Bakatsine, Nura. Ya leƙa ya ce, “Malam, wa ya yi maka noma a nan? Ka kashe bakin cajin. Amma ba wuya, ɗan guntu ne shi kaɗai, cirewa ake yi a sa wani.” Kafin in gama gyara tsayuwa ya canza, ya sa sabon batir. Abin da na yi ta ɗagawa ke nan. Wayar ta kawo haske, amma ta tsaya a hoton farko ta ƙi wucewa. Ya ce, “Ta maƙale. In ka bar min ita zan lallaɓa in gani. In sauri kake, sai filashin, shi kuwa wanke ta zai yi tas. Akwai abin da kake so a ciki?” Na nuna masa katin memorin da na cire na riƙe a hannu. Na ce, “Komai yana nan.” Ya ce, “Ka tabbata? Ka san imel ɗinka?” Na ce, “Malam, mota za ta tashi. Matata ce ta rasu. Yi abin da za ka yi.” Ya yi min ta’aziyya, ya yi.

Mu duka a garinmu haka muka ɗauka, memori shi ne rumbun, duk abin da ya shigo waya nan yake zuba. Shi ya sa in za mu ba mai caji waya muke cire shi mu sa a hula. Ba haka ba ne. Sai abin da aka tura masa yake riƙewa. A cikin mota, mun wuce Lokoja, na mayar da katin na kunna don in ji saƙon. Wa’azin da Ɗanlami ya zuba min ne kawai. Muryarta, hotunanku na salla, duk a cikin wayar kanta suke, su ne aka wanke.

Na daɗe ina jin zafin Nura. Na bi ta gaban rumfarsa ban yi sallama ba. Amma mutumin nan ya tambaye ni, ya sake tambaya, ya ce in bar masa ita. Ni na ce ya yi. Haka Baffanki. Shi ma na daɗe ina jin zafinsa a kan “da sauƙi” ɗin nan. Da ya ce min, Yaya taho, da na taho. Amma haka muke yi wa na nesa, muna ganin tausayi ne, ni ma na yi wa wasu. Kuma shi yake noma ’yar gonata, shi yake riƙe da ƙannenki, bai taɓa yi min gori ba. Ki girmama shi. Sai dai ke, in kin je can, ranar da ba sauƙi kada ki ce min da sauƙi. Aikin da za ki koya ma na faɗar gaskiya ne da wuri.

Da na iso zaman makoki na ga wayar a hannunki, kina amsa gaisuwar ’yan uwa da ita. Na san saƙon yana ciki, tun da daga nan ya fito. Na yi niyyar in ce ki ba ni. Amma ta yaya namiji zai tashi daga cikin maza a ƙofar gida ya ce a ba shi muryar matarsa ya ji? Na ce in mutane sun watse. Da suka watse kuma na ji tsoro. Na dawo Sapele ban tambaya ba. Duk zuwan da na yi bayan nan, haka. Na kwantar da raina cewa ai tana nan a hannunki, ba inda za ta. Sai ranar nan na ji kin ce dutsen guga.

To ga roƙona, kuma ki bi shi a jere yadda na faɗa. Kwashewa kafin gyara. Kada ki ba kowa ita ya buɗe sai kin fitar da abin da ke ciki. In ta ƙi caji gaba ɗaya, ki cire batirin, in lafiyarsa ƙalau, ki kai wa mai caji, yana da abin da ake maƙala batir shi kaɗai a cika shi. Cikawa ɗaya ta ishe ki. Ki sayi sabon katin memori a shago na gaskiya, ki tura hotuna da muryoyin a kansa da hannunki. Ki sa imel ɗin da kika buɗe a wayar, ki shiga wurin da ake tura saƙon muryar ki sa ya yi ajiya a imel ɗin, ki sayi data ki zauna inda sabis yake da ƙarfi, bakin makarantar firamare ya fi, har ki ga ya gama. Sannan ki tura wa wata wayar daban, ta wadda kika amince da ita. Wuri ɗaya ba ajiya ba ne, na gani a kaina. In kin gama kuma kada ki ce ai ya shiga. Ki sa katin a wata wayar ki kunna, ki ji muryar da kunnenki.

Kafin nan kada ki goge komai don wai wuri ya cika. Kada ki cire layin Innarki ki sa sabo, kada ki bari ya daɗe ba a amfani da shi har a rufe shi.

Sai bayan haka za ki kai ta gyara, in tsinken bai wadatar ba. Ki ce bakin caji kawai za a canza. Ki cire layi da kati, ki zauna a wurin, ki sa ido. In ya ce filashin, ki karɓi abarki ki yi masa godiya ki tafi. Wayar nan ba ta ƙare ba, an yi ta ne don a riƙa canza mata abin da ya gaji. Maganar musaya kuma, ki nuna wa Baffanki wannan wurin. Sale, na san alheri kake nufi, kana so yarinya ta shiga mutane da abu mai kyau. Amma masu karɓar tsohuwar waya wanke ta suke yi kafin ka kai bakin titi. In sabuwa ake so zan aiko a saya. Wannan a bar ta.

Ummi, sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa ban taɓa iya yi miki faɗa sosai ba, kuma abin da zan roƙa yanzu da nauyi a bakina. Ina da wata wayar, imel ɗin ni na buɗe, bakin cajinta ina share shi duk Juma’a kamar mai yanke farce. In kin gama kwashewa, ki shiga hirarmu da Innarki, ki gangara har ƙasa. Na ƙarshen shi ne. Ki turo min.

Ban sani ba ko kin taɓa saurara. In kin saurara kada ki faɗa min abin da ta ce, kada ki tausasa min shi, ki turo kawai. Na yi ta ƙiyasta shi ina ɗauke da katako. Wata rana in ce kirana take yi in taho. Wata rana in ce yafe min ta yi, wata rana in ce ba ta yafe ba. Mai yiwuwa kuma duk ba haka ba ne, cewa ta yi akuya ta shiga gyaɗar Sale, ko taki ya yi tsada. Ko wannan ne ina so. Na fara manta yadda take jan “Malam” ɗin nan in za ta yi min tsiya, ina neman sa a kaina ba na samu. A wannan karon ko mota na jira, ko mai gida na tsawa, zan ajiye katakon in saurara.

Allah ya jiƙan Innarki, ya haskaka makwancinta, ya yafe mana abin da muka gaza. Ke kuma Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sauke ki lafiya, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga matan da za ki tsaya a kansu. Ki riƙe salla. Ki riƙa kira, ko ba labari. Ranar tafiya ki cika batirin kafin ki hau mota, in kin sauka ki sanar da ni.

Mahaifinki,
Idi